Saura kwana 12 a yi mini aiki a kai, barci ya gagare ni

Maman Auta, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ban saba faɗin cikina a bainar jama'a ba, amma yanzu ƙarfe biyu da rabi na dare, kowa a gidan ya yi barci, ni kaɗai ce zaune a tsakar gida kan tabarma, kuma ba ni da wanda zan tasa.

Ni tela ce a unguwar Yelwa, nan Garwa. Shekarata 43, 'ya'yana huɗu. Na fi shekara biyu ina fama da ciwon kai, irin wanda yake tashe ni da asuba kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Na ɗauka zafin garinmu ne da yawan duƙawa kan keke, sai in haɗiye farasitamol in ci gaba. Bara, ana saura kwana uku 8 ga Maris, atamfar bikin mata ta cika mini shago, ina cikin taka keke sai hannuna na dama ya kama rawa shi kaɗai. Ina kallonsa, ina ce masa ya tsaya, ya ƙi. Daga nan ban ƙara sanin inda nake ba. Yarinyar da ke koyon ɗinki a wurina ce ta ce na faɗi tsakanin keke da bango, na ciji harshe har jini ya ɓata atamfar mutane.

A gida aka ce iska ce. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, na sha rubutu. Ban ga laifin kowa ba, don ƙauna suka yi. Amma na sake faɗuwa sau biyu, sannan zura zare a allura ya fara gagarata, ni da nake zurawa ko a duhun magariba. Sai wani likita ya tura ni sikana, wato na'urar ɗaukar hoton cikin kai, daga nan aka ce sai IRM, wata na'urar hoton ta daban, muka tafi Yawunde. A can aka nuna mini hoton: wani farin abu a ɓangaren hagu, girmansa kamar ƙwan zabo. Likita ya ce ƙari ne, sunansa meninjiyom, kuma yana ganin ba mai yaɗuwa ba ne, amma dole a cire.

An sa rana. Saura kwana 12.

Da rana ina da ƙarfi. Ina dariya da masu zuwa dubiya, ina cewa komai na Allah ne. Da dare kuwa, wallahi zuciyata bugawa take kamar ana daka. An ba ni takarda in sa hannu, babbar 'yata ta karanta mini don Faransancina na kasuwa ne. Ta karanta zubar jini, ta karanta shanyewar hannu, ta karanta matsalar magana, da ta zo layin ƙarshe sai ta yi shiru ta naɗe takardar. Na san abin da ke wurin. Tun ranar wannan shirun nata bai fita daga kunnena ba.

Ba mutuwar ce ma ta fi tsorata ni ba. Abin da ke hana ni barci shi ne in farka in ga autana, ɗan shekara biyar, in kasa kiran sunansa. Ko in farka hannun nan ya mutu, alhali da shi nake biyan kuɗin makarantar yara. Ba zan iya faɗa wa maigida ba, ya sayar da filinsa saboda aikin nan, kullum yana ƙidaya kuɗi yana ɓoye mini fuska. Inna kuma hawan jini gare ta, ce mata muka yi ƙaramin aiki ne. Ga shi tun da aka fara ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi na rage kumburi nake ci kamar gara, raina na saurin ɓaci, jiya har na daka wa autan tsawa a kan kofin ruwa, na shiga ɗaki na yi ta kuka.

Don Allah wanda aka taɓa yi wa irin aikin nan, ko ya yi jinyar wanda aka yi wa, ya gaya mini gaskiya. Yaya kuka yi da dare? Me mutum yake ji idan ya farka? Kuma wannan tsoron nawa, raunin imani ne?

Yaya Mai Kwanuka, Ngaundare

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga saƙonki bayan sallar asuba, na kasa tashi daga kan darduma sai na amsa miki. An cire mini irin naki a 2021, nawa a dama ne, saman kunne. Ga ni nan ina sayar da kwanukana a kasuwa, na aurar da 'ya bayan aikin, na ɗauki jika.

Bari in fara da ranar, tunda ita kike hangowa. An tura ni a kan gado ta wani dogon lungu, ina kallon fitilun sama suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin aikin sanyi gare shi ƙwarai, haƙorana har haɗuwa suke, wata ma'aikaciya ta lulluɓa mini bargo ta riƙe mini yatsu. Likitan sa barci ya tambaye ni 'ya'yana nawa, ya ce in lissafa masa sunayensu. Na kai ta uku. Shi ke nan. Babu mafarki, babu duhu, babu jiran komai. Aikin ya ɗauki awa shida, amma a wurina kamar ƙiftawar ido ne. Waɗanda suka sha wuyar awa shidan nan su ne 'yan'uwana da ke waje a kan benci.

Da na farka, ƙishirwa na fara ji, da kaushin maƙogwaro saboda robar da aka sa mini ta numfashi. Kan yana ciwo, amma ba irin wanda nake zato ba, kamar an ɗaure shi da ɗankwali tamau. A daren farko ba a barin mutum ya yi dogon barci. Kowane ɗan lokaci za a zo a haska miki tocila a ido, a ce mene ne sunanki, a ce ki matse hannu, ki ɗaga ƙafa. Kada ki ɗauka wani abu ne ya lalace, haka ake yi wa kowa. Ni duk sanda aka tambaye ni sunana na faɗa daidai, sai in ce alhamdulillahi a zuciya, ina nan.

Abin da ba wanda ya gaya mini, ya kuma firgita ni: a kwana na uku idona na dama ya kumbura ya rufe, gefen fuskar ya yi baƙi. Na ga kaina a gilashin waya na fashe da kuka. Ashe kumburin aikin ne ke saukowa, cikin mako ya sace. Muƙamuƙina ma ya yi tsami don ta wurin naman tauna aka bi, na yi kwanaki daga kunun gyaɗa sai fate. Gashi kuwa gefe ɗaya aka aske, ya fito ya rufe tabon.

Ba zan rufe ki ba, ban koma daidai yadda nake a da ba. Gajiya ta fi wata biyu tana bina, in na share ɗaki sai na kwanta. Har yau in na wuni a tsaye ƙafata ta hagu tana ɗan ja, kuma ina kan shan maganin farfaɗiya. Amma ciwon kan asuba ya tafi, kuma ban manta sunan kowa ba.

Maganar dare kuwa, ni abu uku suka taimake ni. Na daina kallon bidiyon tiyata a waya, don na gane guba nake ɗura wa kaina. Na sayi ɗan littafin 'yan makaranta, duk tambayar da ta tashe ni sai in sa ɗana ya rubuta mini da safe, in ce mata ki jira likita. Na ukun shi ya fi: na zaɓi mutum ɗaya na fasa masa ƙwai. Ƙanwar mahaifiyata ce. Na ce mata Gwaggo, tsoro nake ji. Ba ta yi mini wa'azi ba, ta jawo tabarmarta ta dawo ɗakina da kwana har ranar tafiya. In na farka na ji numfashinta, sai zuciyata ta kwanta.

Ki dubi 'yar nan taki da ta naɗe takarda. Ita ma fa ba barci take ba. Ke kina ɓoye mata, ita tana ɓoye miki, kowa na kuka a ɗakinsa.

Baba Malam, Marwa

'Yata, Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne. Tambayarki ta ƙarshe zan amsa, sauran na bar wa masana.

Tsoro ba raunin imani ba ne. Annabi Musa, wanda Allah Ya yi magana da shi, ya ji tsoro a ransa ranar da matsafa suka jefa igiyoyinsu, yana nan a Suratu Ɗaha. Allah bai zarge shi ba, ce masa Ya yi kada ka ji tsoro. Annabi Yaƙub ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah kaɗai nake kai ƙarar baƙin cikina. Ke ma can za ki kai. Tashin da kike yi ƙarfe biyun nan, ai kusa yake da sulusin dare na ƙarshe, lokacin amsa addu'a. In ya zo, ki yi alwala, ki faɗa wa Ubangijinki abin da kika faɗa mana da Hausarki, har maganar autan da ta hannun.

Usman ɗan Abil As ya kai kukan wani ciwo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce ya ɗora hannu a wurin, ya yi bisimilla sau uku, ya ce sau bakwai: a'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru. Ki lura da kalmar ƙarshe, ma'anarta abin da nake tsoron zuwansa. Ashe addu'ar ta haɗa ciwon da fargabarsa.

Ki rubuta wasiyya, ki rubuta bashin da ake binki da wanda kike bi, har ɗinkin mutane da ke hannunki. Ba kiran mutuwa ba ne, sunna ce ga mai lafiya ma, kuma za ki ji an sauke miki kaya. Bayan aikin in an hana ki sunkuyar da kai, ki yi salla a zaune ko a kishingiɗe da ishara, sallarki cikakkiya ce. Zan sa almajiraina su yi miki addu'a ranar, ki sanar da mu lokacin.

Ɗan Kusiri

Hajiya sannu, Allah Ya kawo sauƙi. Ni dai gaskiya jikina ya yi sanyi. Kai ba ciki ba ne da za a buɗe a rufe. Tunda sun ce ba mai yaɗuwa ba ne, me zai hana a ɗan jinkirta a gwada na gargajiya ko wata uku? Akwai masu haɗa sassaƙe a nan wajenmu, mutane suna yabawa. In ba a dace ba sai a koma asibitin. Don tausayi nake faɗa, ba don in karya miki gwiwa ba.

Ma'aikacin Jinya, Njamena

Malam na Kusiri, na san da zuciya ɗaya ka faɗa, amma ka yi haƙuri, a nan ba zan bi ka ba. Ƙarin da ya kai girman ƙwan zabo, ya kayar da mutum sau uku, ya fara kashe hannu, ba na jira ba ne. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba shi wuri, duk girman da ya ƙara ƙwaƙwalwa yake dannewa. Sassaƙe ba ya narkar da shi, kuma wasu jiƙe-jiƙen suna hana jini daskarewa ko su yi karo da maganin farfaɗiya. Maman Auta, duk abin da kika sha ko kike sha, har na gida, ki faɗa wa likitan sa barci ba tare da kunya ba.

Na yi shekaru ina karɓar masu fitowa daga tiyata, bari in gaya miki abin da na sani. Meninjiyom ba daga cikin naman ƙwaƙwalwa yake tsirowa ba, daga tantanin da ya lulluɓe ta yake fitowa, sai ya tura ta gefe. Shi ya sa sau da yawa likita kan iya raba shi da ita. Kusan takwas cikin goma na mataki na ɗaya ne, masu girma a hankali, kuma ya fi kama mata, musamman daga shekara arba'in zuwa sama. Ba sabon ciwo ba ne a wurin likitoci, tun 1922 wani likitan Amurka, Harvey Cushing, ya raɗa masa wannan suna. Tabbacin matakin naki sai an kai abin da aka ciro ɗakin gwaji, sakamakon kan ɗauki mako ɗaya ko fiye, kada jiran ya tayar miki da hankali.

Ƙashin ƙoƙon kai da aka ɗaga don a kai ga ƙarin ana mayar da shi a ɗaure da ƙananan ƙarafa marasa tsatsa. Ita ƙwaƙwalwar kanta ba ta jin zafi, ciwon bayan aiki na fata ne da nama, kuma akwai maganinsa, in kin ji ki faɗa, kada ki daure. Zaren ko ƙusoshin fata ana cire su bayan mako ɗaya zuwa biyu.

Tsoronki na hannu da magana yana da tushe, ba zan ce miki babu ba. Ɓangaren hagu shi ke juya hannun dama, kuma a wurin yawancin mutane nan magana take. Amma haɗarin ya danganta da daidai inda ƙarin ya zauna, wannan kuwa likitanki ne ya gani. Takardar da 'yarki ta karanta ta kowa da kowa ce, ana jera duk abin da zai iya faruwa ko da ba kasafai ba. Ki tambaye shi kai tsaye: a nawa, me ka fi jin tsoro? Za a iya cire shi duka? In hannun ya yi nauyi bayan aiki, me za a yi? Sau da yawa nauyin farko na kumburi ne, yana raguwa, kuma akwai masu gashin ƙashi da motsa gaɓɓai da ke taimakawa.

Yanzu abin da ya sa na rubuto tun farko. Ƙananan ƙwayoyin nan na rage kumburi, in dezametazon ne, ki duba kwalin, to shi da kansa yana hana barci, yana buɗe ciki, yana sa bugun zuciya da saurin fushi, yana kuma ɗaga sukari. Wasu magungunan farfaɗiya ma suna sa ɓacin rai. Tsawar da kika yi wa yaro ba halinki ne ya canza ba. Kada ki daina shan ko ɗaya da kanki, yankewa farat ɗaya haɗari ne. Ki kira likita ki ce ba kya barci, wataƙila ya matso miki da na yamma zuwa da rana, ko ya ba ki abin da zai taimaka. In ciwon kai ya taso kada ki sha asfirin ko ibufurofen sai da izininsa. Shayi da goro ki bar su daga la'asar.

In bugun zuciyar ya zo, ki ja numfashi ta hanci ki ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali ta baki ki ƙirga shida ko takwas. Doguwar fitar numfashi tana rage gudun zuciya. Da tasbihi ma yana tafiya daidai.

Direba a Briketeri, Yawunde

Hajiya, ni matata aka yi wa, ni ne na bencin. Ki bar maigida ya karanta wannan. Ku shirya masu ba da jini tun yanzu, mutum biyu ko uku, kada a tashi nema ranar. In da hali ku kama wurin kwanciya a jirgin ƙasa daga Ngaundare, tafiyar dare ce mai tsawo, zama a kujera zai gajiyar da ke, ga kuma hanyar mota daga Garwa kafin nan. Magungunanki da hotunan IRM su kasance a jakar hannu. Ku taho da rigar sanyi da riguna masu maɓalli a gaba, waɗanda ba sai an zura ta kai ba, don mutumin Garwa in ya zo nan sanyi yake ji. Waya kuma a ba mutum ɗaya ya riƙa amsa dangi, in ba haka ba kira zai haukata mai jinya.

Maigidan naki ba kuɗi kaɗai yake ƙidayawa ba, na san wannan ɓoye fuskar, na yi ta. Ranar da matata ta ce mini tsoro take ji, a ranar na samu na ce ni ma. In kun iso ku tambayi masallacin unguwarmu, Hausawa ne cike, ba za ku rasa mai kawo muku kunu asibiti ba.

Maman Auta, Garwa

Jama'a, na rasa bakin godiya, Allah Ya saka muku da alheri. Malam na Kusiri, kai ma na gode, na san tausayi ne, amma zan je a yi.

Na duba kwalin, sunan da ma'aikacin jinya ya faɗa ne a jiki. Na kira likita, ya canza mini lokacin sha, shekaranjiya na yi barcin awa huɗu a jere, rabona da haka tun watan jiya. Tsoron bai tafi ba, jiya ma ya tashe ni, amma na yi yadda Baba Malam ya ce, na ɗora hannu a kai.

Yaya ta Ngaundare, na kira 'yar tawa ɗaki na ce ta karanta mini layin da ta tsallake. Ta karanta, muka rungume juna muka yi kukanmu. Ashe tun ranar ba ta cin abinci sosai. Yanzu a ɗakina take kwana, ita ce kuma mai rubuta tambayoyin, mun kai tara. Maigida ban samu na fara masa ba tukuna, sau biyu ina buɗe baki ina fasawa, amma na tura masa saƙon direba, na ga ya daɗe yana kallon wayar.

Na mayar wa mutane atamfofinsu, na rubuta bashi. Guda ɗaya na riƙe, yadin rigar makarantar autana. Na yanka ta yau da safe, almakashin yana zame mini amma na gama, na naɗe na sa a cikin akwatin keke, na ce masa in na dawo zan haɗa.

Ranar Asabar za mu kama hanyar Ngaundare, aikin kuma Alhamis da safe, Baba Malam. Yaya, tambaya ɗaya ta rage: in tsefe kitsona tun daga gida, ko in bari sai na ji gefen da za su aske?